Gwangwanin Kawu da kifayen da suka zama dutse

5 ga Oktoba, 2024

Ruwan da ya kayar da tsohon masallacin Birni a farkon Satumba bai ƙyale gidanmu na Zango ba. Bangon ɗakin marigayi Kawu ya tsage tun daga sama har ƙasa, dole muka fitar da kaya kafin magina su zo. A can ƙuryar ƙarƙashin gado na jawo wani babban gwangwanin madara, duk ya yi tsatsa, ga nauyi sai ka ce an ɗura masa tsakuwa. Inna tana tsaye bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta ce, "Duwatsun kawunka ne. Tun ina amarya nake share ɗakin nan, bai taɓa yarda an zubar da ko guda ba. Kai ne malamin makaranta, ɗana, ka tafi da su."

Kawu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Ƙarfinsa duka a hanyar Damagaram zuwa Agadas ya ƙare, ta Tanut da Adarbisanat. In mota ta lalace aka kwana biyu ana jiran kayan gyara, sai ya shiga zagaya yana tsintar abin da ya ɗauki idonsa. Wasu kuma abokansa Abzinawa ne suka riƙa ba shi.

Na juye gwangwanin a kan tabarma na ƙirga guda 43. Sha bakwai suna naɗe cikin takardar sukari, kowace da ɗan rubutun ajami, sauran a sake. Abin da ya fara tsayar da ni wasu 'yan baƙaƙen abubuwa ne masu kusurwa huɗu, faɗinsu kamar farcen babban yatsa, fuskarsu na ƙyalli kamar tangaran. Na taɓa ganin irinsu a hoto muna jami'a a Yamai. Ɓawon kifi ne, na kifin da ya mutu tun ba a yi wannan hamada ba.

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da darasin burbushin halittu a ajin katriyem da alli da allo kaɗai, ban taɓa miƙa wa ɗalibi ko guda ya riƙe a hannu ba. Don haka na ɗaura niyya: kafin shekarar karatu ta ƙare, kowane yanki zai samu lamba, da kati, da sunan da ya isa ɗauka. Zan kuma zana allon bango da Hausa mai nuna rabe-raben kifaye masu ƙashi. In an gama, kayan su tafi gidan tarihi. Dokar 1997 mai kare kayan tarihin ƙasa tana nan, kuma irin wannan dukiya ta jama'a ce.

12 ga Oktoba

Mako guda ina sharewa da tsohon buroshin haƙori, a bushe, ba ruwa. Kowane yanki na ɗiga masa farin fenti kamar ƙwayar dawa, in ya sha iska na rubuta lamba a kai. Takardun ne suka fi tayar mini da hankali. Da tawadar allo Kawu ya yi rubutun, ita kuwa ba ta shiri da danshi. Guda shida sun jiƙe a daminar bana, rubutun ya koma baƙin tabo.

Hannun Kawu na da wuyar karatu, sai na kai sauran sha ɗayan wurin limamin unguwarmu bayan la'asar. Ya sa tabarau, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya wajen haske. "Tanut, gindin tudu." "Marandat." "Daga hannun mai raƙumi, gabas da Adarbisanat, tafiyar kwana biyar." Ya dube ni ya ce, "Malam, kawunka ya san abin da yake yi. Mai tsintar dutse don wasa ba ya rubuta masa gari."

Gaskiyar liman. A wannan ilimi takardar ta kan fi dutsen daraja, domin wurin da aka tsinci abu shi ke faɗin shekarunsa da irin ruwan da ya rayu a ciki. Tuddan Tanut lakar gindin teku ce. Kimanin shekaru miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce wani hannun teku ya ratso Sahara daga arewa har ya haɗe da tekun Gini ta kwarin Binuwai. Naɗin Tanut guda biyu kuwa ƙoƙon halittun teku ne masu murɗewa kamar ƙahon rago, waɗanda ake kira amonit. Ba kifi ba ne, na ware su gefe. Kwatancen mai raƙumin nan ya nufi wajen Gadufawa, can cikin yashi kudu maso gabas da Agadas, inda duwatsun suka kai shekaru miliyan 110, kuma rairayin manyan koguna ne ba na teku ba.

17 ga Oktoba, Alhamis

Yau kasuwa. Na sa ɓawo mai lamba 7 a aljihu na nufi kasuwar Dole, layin masu banda, ina neman gartsa. Na same ta wurin wata dattijuwa mai sarin kifin da ake kawowa daga wajen Difa: doguwa, jiki kamar na maciji, ƙananan fikafikai jere a gadon bayanta kamar haƙoran zarto. Na biya jika guda, sannan na fito da nawa na ɗora kusa da nata.

Ta karɓa, ta murza da yatsa, ta ƙwanƙwasa a haƙorinta. "Wannan ai ɓawon gartsa ne, Malam. Amma wace irin gartsa ce haka, ɓawonta ya ninka na wannan sau biyar? A wane tafki aka kama ta?" Na ce, "Iya, tafkin ya ƙafe tun kafin a halicci ɗan Adam." Ta yi shiru tana jujjuya shi, ta ce Allah mai iko, ta ƙara mini kan kifi biyu gyara. Ina shirin tashi ta ce wuƙa ba ta kankare gartsa, sai dai a gasa ta a zare ɓawon gaba ɗaya kamar riga.

Da dare na jiƙa fatar a ruwan zafi na zauna da gilashin ƙara girma. Ɓawon karfasa siriri ne, kewayayye, kowane ya hau kan na bayansa, in ka ja ya fita. Na gartsa kuwa kauri gare shi, mai kusurwa huɗu, an jera su sahu-sahu a karkace. Kowane ɗaya yana da ɗan tsini a gefensa na sama wanda ya shige wani ɗan gurbi a cikin maƙwabcinsa, sun kulle juna kamar sulken mayaƙan da. Na kifar da lamba 7. Gurbin yana nan a bayansa, tsinin ma ga gindinsa inda ya karye. Shafen nan mai ƙyalli da ke fuskar su biyun shi masana ke kira ganowin, ɗan'uwan farin da ke rufe haƙori ne. Na daɗe zaune, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, wannan da warin hayaƙin makon jiya, wancan ya fi duk wani abu da na taɓa riƙewa tsufa.

3 ga Nuwamba

Abin da Iya mai banda ta yi a tsaye, shi ne abin da wanda ya kafa wannan fanni ya yi. Louis Agassiz, ɗan ƙasar Suwizalan, tsakanin 1833 da 1843 ya kasa kifayen da suka zama dutse kashi huɗu bisa ɓawonsu: masu ƙaiƙayi irin fatar kifin shak, masu ƙyalli irin namu, masu santsin baki, da masu baki kamar mashaci. Dalilinsa a fili yake, domin ɓawo da haƙori su ne abin da dutse ya fi adanawa. Amma tsarin bai ɗore ba. Ɓawo riga ce, kuma baƙo da ɗan gida suna iya sa riga iri ɗaya. Yanzu ƙasusuwan kai ake dubawa, da muƙamuƙi, da ginin fiffike da wutsiya, a nemi alamar da wasu suka gada tare ban da sauran.

Na fara zanen allon a bayan tsohuwar kalanda. Rabuwar farko mai sauƙi ce: masu guringuntsi gefe, masu ƙashi gefe. Ta biyun ce ta ci mini dare biyu, ba don ilimin ba, don neman kalma. Actinopterygii da Sarcopterygii ba za su zauna a bakin yaron katriyem ba. Na tsaya a kan "masu fiffiken tsinke" ga na farko, domin fiffikensu tsinkaye ne da fata ta haɗe kamar mafici. Na biyu na kira su "masu fiffiken tsoka", domin nasu ɗan dungulmin hannu ne mai nama da ƙasusuwa a ciki.

A reshen tsinke, gidan gartsa ne ya fara warewa, tun can gindi. A can ƙoli kuma akwai babban taron da ake kira teliyos, wato su karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa, tsage, kusan duk abin da ke faranti a kasuwa. Sun haura kashi 95 cikin 100 na jinsunan kifin da ke raye. Reshen tsoka kuwa kifaye iri biyu kawai suka rage masa: masu huhu, da wani babban kifin zurfin teku da ake kira silakant. Masana suna lissafa dabbobi masu ƙafa huɗu a wannan reshe saboda tsarin ƙashin hannu, amma wannan na bar wa manyan azuzuwa.

Ita kanta gartsa ta wahalar da malamai. Tana da huhu biyu, gindin fiffikenta na gaba kuma da tsoka, shi ya sa Thomas Huxley a 1861 ya haɗa ta da masu fiffiken tsoka. Sai a ƙarni na 20 aka dawo da ita gidan tsinke.

24 ga Nuwamba

Hazo ya sauka, fentin lambobi na bushewa nan da nan. Ɓawo masu ƙyalli guda 19 ne. Hannuna ya yi ta son rubuta Lepidotes a katinsu duka, domin shi ne sunan da tsofaffin littattafai ke ba duk wani ɓawo mai kauri daga Sahara. Na danne.

Agassiz ne ya raɗa sunan a 1832, daga nan ya zama rumbun da kowa ke zuba tsintuwarsa. Duk wanda ya samu ɓawo mai ƙyalli, a Turai ko Indiya ko Afirka, sai ya ce Lepidotes. A 2012 wata masaniya, Adriana López-Arbarello, ta zazzage rumbun. Ta bar sunan ga 'yan kaɗan na farkon zamanin Jurasik a Turai, ta kwashe wasu zuwa Scheenstia da wasu sunaye. Binciken ya kuma nuna danginsu mafi kusa da ke raye su ne kifayen gar masu dogon baki, jinsi bakwai, da ke Amurka ta Arewa da ta Tsakiya da Kyuba. Ashe kamar da Iya ta gani gaskiya ce, amma kama da wane ba ta wane ba ce. Bambancin a cikin ɓawon yake: na gartsa yana da wani shimfiɗi irin naman haƙori tsakanin ƙyallin da ƙashin, na gidan gar ba shi da shi. Sai an yanka siriri an sa a madubin likita ake gani.

Ƙasarmu tana da nata a gidajen biyu. Sylvie Wenz, masaniya daga Faransa, ta raɗa wa Pliodetes nigeriensis suna a 1999 daga Gadufawa, kuma da ƙasusuwan kai a hannunta ta yi, ba da ɓawo kaɗai ba. A In Besetan, yankin Tawa, an tono burbushin dangin gartsa na ƙarshen zamanin Kiretase. Ɓawo guda a sake ba ya ɗaukar sunan jinsi, don haka katunan suka ce: "Ɓawo mai ganowin, kifi mai fiffiken tsinke." Manyan guda takwas masu kauri na ƙara musu: "siffar dangin Lepidotes."

Wani abu da zan gaya wa yara: a 1983 an tono dinozo mai suna Baryonyx a Ingila da irin wannan ɓawo a gurbin cikinsa. Ɗan'uwansa Suchomimus tenerensis, mai baki kamar na kada, a Tenere aka samo shi, aka raɗa masa suna a 1998. Sulken nan ba ado ba ne.

15 ga Disamba

Lamba 30 ta hana ni barci. Ƙashi ne shimfiɗaɗɗe, rabin tafin hannu, fuska ɗaya santsi ɗayar kuma kaushi, daga naɗin mai raƙumi. Da fensir na rubuta Mawsonia a katin.

Mawsonia silakant ne, na reshen tsoka. Arthur Smith Woodward ya sa masa suna a 1907 daga burbushin Bahiya ta Brazil, don karrama Joseph Mawson da ya tattaro su. Wasu daga cikinsu an kiyasta sun wuce mita 4. A tsakiyar shekarun 1960 masu neman yuraniyom suka ga ƙasusuwa birjik a Gadufawa, Philippe Taquet ya zo daga Faransa ya fara tono, kuma daga kayan wurin ne Wenz ta bayyana Mawsonia tegamensis a 1975. Tegama, ƙasar da motar Kawu ta ratsa sau ba adadi, tana cikin sunan kifi.

Labarin silakant yana cikin waɗanda nake jin daɗin bayarwa. An ɗauka sun ƙare tare da dinozo shekaru miliyan 66 da suka wuce. Sai a Disamban 1938 masunta suka jawo wani shuɗin kifi kusa da East London a Afirka ta Kudu, mai kula da gidan tarihin garin, Marjorie Courtenay-Latimer, ta ƙi bari a yar da shi. Masanin kifi J.L.B. Smith ya gane shi, ya kira shi Latimeria chalumnae. Shekara 14 ya yi yana neman na biyu kafin a kama shi a tsibiran Komoro a 1952. A ƙarshen shekarun 1990 aka gano wani jinsin a Indunusiya. Na yau suna can cikin zurfin teku, namu na Tegama kuwa a ruwan kogi ya rayu.

Na ɗauki hoton lamba 30 na aika wa abokin karatuna da ke sashen ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni.

4 ga Janairu, 2025

Ya amsa ta WhatsApp. Ya ce in sake hoton da ma'auni a gefe, in haska fitila daga gefe ɗaya ba daga sama ba. Da na yi haka ni ma na ga abin da ya gani. Fuskar ramuka ce zagayayyu, kusa da kusa kamar tandar waina. Ƙashin kan Mawsonia kuwa kunya-kunya yake, zane masu tudu da ke bin juna. Wannan allon bayan kada ne.

Na goge fensirin. Abin ya yi mini ciwo, domin son samun silakant ne ya riga idona. Kadan Gadufawa mafi shahara shi ne Sarcosuchus imperator da aka bayyana a 1966, amma ba shi kaɗai ba ne kada a wurin, don haka katin ya ce "kada" kawai. Akwai haƙori guda ma da na mayar gefensa.

16 ga Fabrairu

Na hau kabu-kabu zuwa wani tafki bayan Miriya da ya ƙafe ƙaf, laka ta tsattsage kamar bayan kunkuru. Wani dattijo da ke haƙar gaiwa duk rani ya yarda in bi shi. Yana tafe a sunkuye, yana duban ƙasa, can ya tsaya ya nuna mini wani ɗan rami da bai fi shigar ɗan yatsa ba. "Ga ƙofarta nan, ɗana. Ta nan take shan iska." Ya sa fartanya ya kewaye wurin, ya tono dunƙulen laka kamar tulu ƙarami, ya fasa gefe a hankali. Tana ciki a naɗe, wutsiya ta rufe kai, an lulluɓe ta da wata busasshiyar fata mai ruwan ƙasa kamar ganyen taba. Majinar jikinta ce ta bushe ta zama haka. Ya taɓa ta, ta yi wani ɗan gurnani.

Na ce, "Baba, me take ci duk watannin nan?" Ya ce, "Jikinta mana. Ba ka ji ana cewa gaiwa mai cin jikinta ba?" Abin da littafi ya faɗa ke nan daidai: tana rage aikin jiki ƙwarai, tana rayuwa da naman tsokarta har ruwa ya dawo. Ya ƙara da cewa yana yaro ya ga ta fito daga tubalin bango da ruwan farko. Na sayi biyu. Ɗaya ya fito mini da ita, ɗayar na ce a bar ta cikin lakarta.

Na dafa kan ta farkon har nama ya saki. Gaiwa ba ta da jerin haƙora ɗai-ɗai. Faranti gare ta na haƙori, biyu sama biyu ƙasa, kowane da kunya uku masu kaifi kamar almakashi. Na ɗauko lamba 21 daga naɗin Marandat. Baƙi ne wuluk, tsawonsa ya kusa na ɗan yatsana, kunyoyi shida sun bazu daga kusurwa guda kamar yatsun hannu a buɗe, fuskarsa cike da 'yan ɗigo-ɗigo. Ba sai an yi gardama ba, gini ɗaya ne. Akwai gutsattsari uku irinsa a gwangwanin.

Irin waɗannan faranti ne Agassiz ya kira Ceratodus tun ba wanda ya ga mai su. Sai a 1870 Gerard Krefft ya bayyana wani kifi mai huhu da ke raye a kogunan Kwinsland ta Ostiraliya, aka buɗa bakinsa aka ga faranti masu kunyoyi da yawa irin na dutsen. Yau masu huhu suna nahiya uku kaɗai: wancan na Ostiraliya, ɗaya a Amurka ta Kudu, da jinsi huɗu na Protopterus a Afirka, gaiwarmu a cikinsu. A 1963 wata masaniya, Tabaste, ta raɗa wa wani jinsin da ya zama dutse suna tiguidiensis, daga dutsen Tigidit, wanda Marandat ke gindinsa. Shi ma ya sha ƙaura, daga Ceratodus zuwa Arganodus, wasu kuma suna kiransa Asiatoceratodus. A katin na rubuta: "Farantin haƙorin kifi mai huhu, a gwada da tiguidiensis." Wannan ne mafi nisan da wani kati ya kai cikin arba'in da ukun.

20 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara, aikin sai bayan asham. Na gama da 'yan haƙora bakwai masu kama da maɓallin riga, sumul, wasu kewayayyu wasu kamar ƙwayar wake. Na niƙa ne, na kifin da ke fasa ƙoƙon katantanwa. Dangin Lepidotes suna da su, haka ma wani gida dabam da ya shuɗe, piknodon, masu faɗin jiki kamar faifai, waɗanda nasu ke jere sahu-sahu a rufin baki. In sun zube daga muƙamuƙi sahun ya tafi, shaidar ta tafi da shi. Turawan zamanin da sun ɗauka a kan kwaɗo ake samun irinsu, har suna sa su a zobe don maganin guba.

Gaɓoɓin ƙashin baya uku ne. Biyu masu siririn ƙugu kamar kalangu, da rami gaba da baya, na masu ƙashi. Ta ukun faifai ce mai zobba a ciki, siffar ta masu guringuntsi, ta koma wancan gefen allon.

24 ga Afrilu

Yau na kai akwatin aji. Kafinta ya yi mini shi da gida-gida, na shimfiɗa auduga. Yara saba'in da 'yan kai, na kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɓawon dutse guda, da fatar gartsa, da ɓawon karfasa. Ban ce komai ba, na ce su raba. Kafin minti goma duk sun haɗa na dutsen da na gartsa. Sannan na ba su labarin rumbun Lepidotes, na ga fuskokinsu sun canza, domin sun gane amsar da suka samu da hannunsu daidai ce, kuma ba ta kai ƙarshe ba.

Na yanko taswirar Afirka da ta Amurka ta Kudu a kwali, na sa yaro ya matso da su. Kafaɗar Brazil ta shige gaɓar tekun Gini. Mawsonia a Tegama, Mawsonia a Bahiya. Haƙoran masu huhu irin na Tigidit su ma an same su a arewa maso gabashin Brazil. Kifin kogi ba ya ƙetare teku. Lokacin da suke raye ƙasar ba ta gama rabuwa ba.

Wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu. "Mushe, in muka fasa duwatsun Birni za mu samu kifi?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na ce a'a, duwatsun garin nan garanit ne, narkakken dutse ne da ya huce a cikin ƙasa, wuta ba ta barin ƙashi. Sai dutsen da ya samu daga laka ko rairayi da ruwa ya shimfiɗa, irin na Tanut. Na kuma ja musu kunne: wanda ya ga irin wannan a daji ya rubuta wurin, ya ɗauki hoto, ya sanar, kada ya tono don sayarwa.

21 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi daren jiya. Da safe na ɗauko dunƙulen lakar da ke bayan randa tun Fabrairu, na sa a babban baho, na cika da ruwan indararo. 'Ya'yana da na maƙwabta suka kewaye. Laka ta narke, fatar nan ta yi laushi ta saɓule. Wajen azahar ta miƙe, ta rame sosai, fikafikanta sirara kamar igiya suna lilo. Ta taso sama, ta fito da baki, ta haɗiyi iska, ta koma. Gobe in Allah ya kai mu zan mayar da ita tafkinta.

Lissafi ya tsaya haka: ɓawo 19, farantin haƙorin masu huhu 4, haƙoran niƙa 7, gaɓoɓin baya 3, na kada 2, amonit 2, icen da ya zama dutse 3, sai tsakuwa 3 da ba burbushi ba ne amma sun samu lamba kamar kowa. Allon bango yana wurin mai fenti. Takardun sukarin na sa kowace cikin leda, har da shidan da suka jiƙe, za su tafi tare da kayansu. Wasiƙar gidan tarihi na rubuta, ranar Litinin zan kai.

Da yamma na kai wa Inna katunan ta gani. Ta sa na karanta mata guda uku, ta nuna wani layi da na bari fari a ƙasan kowane, ta ce wannan fa? Na ce wurin sunan wanda ya tsinto ne. Ta ce, "To me kake jira, ɗana?"

Bayan isha na ɗauko biro na fara daga lamba 1. Na kai ta 16 aka ɗauke wuta, sauran sai da safe.